Albashinmu A Kan Juji

Duk wanda ya bi ta bayan gidajen ma'aikata a Dutse da bazara, ya dubi abin da ake zubarwa a juji, zai ga abin takaici. Ga ruɓaɓɓen tumatir, ga tattasai ya yi ruwa, ga alayyafo ya yanƙwane tun ba a kai ga yanka shi ba. Waɗannan kuwa ba tsintarsu aka yi ba. Da kuɗi aka sayo su, kuɗin nan kuma albashin malamin makaranta ne ko na akawu, wanda tun ran ashirin ga wata ya fara cin bashi wurin mai tebur. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowa kukansa tsadar cefane, kukan kuwa na gaskiya ne. Amma ba mu cika jin wanda ya zauna ya lissafta abin da ya saya da tsada, sa'an nan ya zubar da hannunsa ba.

Ba laifin matan gida ba ne, zafin ƙasarmu ne. Mai albashi yana tsakanin abu biyu. Ko dai ya riƙa sayen kayan miya kullum kashi-kashi, wanda shi ne sayen tsada, ko kuwa ya sayo kwando guda ranar kasuwar Shuwarin, kafin kwana uku rabi ya lalace. In ka ce masa ya sayi firiji, sai ya tambaye ka da wane kuɗi, kuma da wace wuta.

To, maganin wannan abu a nan Dutse aka fito da shi, wanda ya fito da shi kuwa ɗan'uwanmu ne, malami. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya tashi a gidan maginan tukwane. Ya san abin da kowace tsohuwa ta sani, watau ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa, jikin randa yana tsattsafo, iska tana busar da tsattsafon, ruwan da ke bushewa kuma yana tafiya da zafi, kamar yadda mutum kan ji sanyi in iska ta buga shi yana gumi. Sai Malam ya ce, abin da ya sanyaya ruwa me zai hana ya sanyaya tumatir?

Ga yadda ake yi, don kada wani ya ce ba a gaya masa ba. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki har bakinsu ya daidaita, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharaf. Sai a zuba kayan miya a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma ko buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Safe da maraice a ƙara wa yashin ruwa. Shi ke nan. Abu ɗaya za a kiyaye, kada a shafa wa babbar fenti ko siminti don ado, gama in ba ta tsattsafo aikin ya tashi.

A gwajin da Malam ya yi, yalo ya kai kwana 27 maimakon kwana 3, tumatir da tattasai suka yi mako uku, alayyafo da kan lalace a wuni guda ya yi kwana 12. Bai tsaya ga rubuta takarda ba. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka gina tukwane 5,000, ya raba kyauta a ƙauyuka biyar na Jigawa. Da ya ga mutanen ƙauye sun fi gaskata ido bisa kunne, sai ya shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka, aka riƙa nuna shi da dare a dandali kamar majigin zamanin En'e. A shekarar 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi lambar yabo da kyautar dala 75,000, dabarar kuma ta tafi har Darfur ta ƙasar Sudan, inda suke kiranta zir.

Kada mu yi wa tukunyar nan kirarin da ya fi ƙarfinta. Ba ta yin ƙanƙara, ba kuma wurin ajiye ɗanyen nama ba ce. Da damina, sa'ad da iska ta cika da laima, sanyinta yakan ragu ƙwarai. Inda ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, tilas a sa kuɗin ruwan cikin lissafi. Amma daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, lokacin da kayan lambu ke cika kasuwa suna araha, zafi kuma ya fi ɓarna, a nan take aikinta sosai. Abin da ya fi ƙarfin tukunya kuwa, iyayenmu sun riga sun nuna mana hanyarsa: a yanka a shanya, a yi kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa. Gidan da ake ɗumame da safe, ake tara ƙanzo, ake ba akuya ɓawo da dusa, ake kai toka da kashin awaki gona, jujinsa ba ya tsawo.

Abin tambaya shi ne, me ya sa mutanen Sudan suka karɓi abin, mu da aka yi shi a ƙofar gidanmu ba mu cika ganinsa a gidajen ma'aikata ba? A ganinmu raini ne. Mun ɗauka duk abin da aka yi da yumɓu na mutanen ƙauye ne, wanda ya yi boko sai roba da ƙarfe. Mun sha shiga makarantu muka tarar ana koya wa yara yadda ruwa ke zama tururi, an zana a allo, sun haddace, sun ci jarrabawa, amma ba yaro ɗaya da aka ce masa wannan karatun shi ne sirrin randar ɗakin uwarsa. Wannan gazawa tamu ce, mu masu horon malamai, ba ta yara ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi cefane nauyi. Malam Bah Abba ya lura cewa yarinyar da ake ɗora wa tallan kayan miya da sassafe, tsoron lalacewarsu ne ya sa ake korarta kasuwa maimakon makaranta. In kayan za su kwana goma lafiya, uwa ta iya sayarwa a gida sannu a hankali, yarinya ta tafi aji. Duk hedimastan da ke kukan 'yan mata ba sa zuwa ranar kasuwa, ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Saboda haka muna kira ga kowane hedimasta a ƙasar Dutse, da Kiyawa, da Birnin Kudu, da Jahun, ya sa a haɗa tukunya ɗaya a makarantarsa cikin wannan zango. A raba tumatir kashi biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a kan faifai a gefe, yara su riƙa dubawa kowace safiya suna rubuta abin da suka gani. Gani ya kori ji. Kwalejin Ilmi ta Gumel ma ta sa ɗalibanta su yi haka kafin su fita gwajin koyarwa. Akawuna kuwa, ku da lissafi ne sana'arku, kowa ya buɗe shafi guda a littafinsa, ya rubuta kuɗin cefanen wata ɗaya babu tukunya, da na wata ɗaya da tukunya, ya aiko mana mu buga. Wanda zai yi, ya je wurin magina tun yanzu ya ba da aiki, ya kuma gaya musu lalle ƙaramar ta shiga cikin babbar da saura kamar faɗin yatsa uku, wurin zuba yashi.