Sharhi: Ba uwa kaɗai ke yanke abin da jariri zai sha ba

Da zarar bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, maganar da ake ji a gidaje da dama ita ce: "Ku ba yaron nan ruwa, ƙishirwa za ta illata shi." Mai faɗin haka tausayi ne ya sa ta. Sai dai ɗan ruwan nan da ake ɗura wa jariri ɗan wata biyu ko uku yana cikin abubuwan da ke buɗe wa tamowa ƙofa a ƙasar nan.

Hukumar lafiya ta duniya da UNICEF sun daɗe suna cewa daga haihuwa har wata shida nono zalla ya ishi yaro: ba ruwa, ba bauri, ba madarar shanu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma tsaftatacce. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi ya tare wurin nono. Yaro ya rage tsotso, nonon uwa shi ma ya ragu. In kuwa ruwan randa ne ko na rijiya, sai zawo ya biyo baya. Haka ma dakashi, nonon farkon nan mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau: shi ne rigakafin farko na jariri, shi ya sa ake so a sa shi a nono cikin awa guda da haihuwa.

Me ya sa muke ta da murya a kan wannan? Saboda bayan haihuwa babu shekarar da jikin mutum ke girma da sauri kamar ta farko. Jaririn da aka haifa da kilo 3 yakan ninka nauyinsa wajen wata biyar, ya kai kusan kilo 9 in ya cika shekara. Tsawonsa yakan tashi daga santimita 50 zuwa wajen 75, ƙwaƙwalwa ma tana nata ginin. Abin da ya kuɓuce a wannan tsakani da wuya ya dawo duka. A Nijar fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma Maraɗi da Damagaram, inda ake noma hatsi mai yawa, suna sahun gaba. Ke nan matsalar ta wuce rashin gero a rumbu.

Bayan wata shida kuma sai a faɗa wani kuskuren. Nono kaɗai ya daina isa, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini, amma abin da ake ba yaro shi ne kunu tsululu, mai cika ciki ba ƙoshi. Kunun yaro kamata ya yi ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauƙi, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko wake, garin zogale, ɗan cokalin mai, a haɗa da ƙwai, hanta ko kifi in an samu. Sau biyu zuwa uku a yini tsakanin wata shida da takwas, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Yawancin waɗannan suna kasuwar ƙauye. Camfin cewa yaron da ya ci ƙwai zai koyi sata ya hana yara da yawa abincin da kazar gidansu ke sakawa.

Duk wannan bayani ana yi wa mata shi ranar awo. Amma mai jego ƴar shekara 17, da ta koma gida wanka ko take zaune da uwar miji, ina ta ga bakin musu da su? Kaka ce ke cewa a ba da bauri. Maigida ne ke riƙe da kuɗin cefane, shi ke sayar da ƙwai da wake ranar kasuwa. Muddin wayar da kai ta tsaya a kan uwa kaɗai, to an gaya wa wadda ba ta da ikon zartarwa.

Don haka muna kira ga magabata su kai saƙon inda ake yanke hukunci. Gidajen rediyon karkara, limamai, masu gari da ungozomomi su yi maganar a fili, har a wajen taron suna. Tsarin makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram ya nuna maza na saurare in an zauna da su. A faɗaɗa shi ya haɗa da cimakar yara. Gwamnati kuma ta tabbatar da cewa kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, da aka soma tun 2006, ba suna ba ne kawai: a samu sikeli, magani da ma'aikaci a kowace cibiyar lafiya.

Ku kuma magidanta, mai shayarwa ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa sosai, a rage mata daka da zuwa rijiya. In zafi ya tsananta, uwa za a miƙa wa moɗa, ita kuma ta ƙara ba yaro nono.