A Gode Wa Masu Yi Wa Gari Aiki Tun Suna Da Rai

Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin gari, ko koyarwa ce ta kai shi ko aikin ofis, ya san akwai waɗansu ayyuka da ba su cikin kasafin kuɗin kowace hukuma, amma kullum sai a wayi gari a tarar an yi su. In ruwan Agusta ya yanke hanyar kasuwa, akwai wanda zai fito da shebur da kwando ya cike wurin. In rijiyar unguwa ta janye da bazara, akwai wanda zai ɗaura igiya a ƙugu ya shiga yasa. In an yi rasuwa, akwai masu haƙa kabari, akwai kuma tsohuwar da a ke aika wa ta zo wanka in mace ce ta rasu. In haihuwa ta zo da gardama da tsakar dare, akwai mai motar da a ke buga wa ƙofa, ya tashi ya kai asibiti, ko kuɗin mai ba ya tambaya. Kowa a garin ya san waɗannan mutane da sunansu. Amma in ka tambaya yaushe aka taɓa tara jama'a aka ce musu an gode, sai ka ji shiru.

A kan wannan shirun mu ke so mu yi magana yau. Ra'ayinmu shi ne, kowane gari, kome ƙanƙantarsa, ya kamata ya san hanyar da zai riƙa girmama masu yi masa aiki don Allah, a gida, a gaban idon jama'a, tun suna da rai. Kada ya zauna jiran Gwamnati ko wani baƙo daga nesa ya zo ya yi masa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa suka riƙe gayya. Ran gayya kuwa ba aiki kaɗai a ke yi ba. Makaɗa suna biye da manoma da gangar noma, wanda ya fi ƙwazo a yi masa kirari har ya ji kansa ya yi girma, mata su yi masa guɗa, mai gayya ya kawo fura da tuwo. Saurayin da ya riga kowa fitar da kunyarsa, kafin magariba labarinsa ya game gari. Haka kuma a waɗansu sassa na ƙasar Hausa ba a kiran mutum Sarkin Noma sai ya ɗaure dami dubu, jama'a sun gani da idonsu. Watau dai a da, girma yana bin gumi, kuma yara suna kallo, suna koyon abin da ke jawo wa mutum daraja.

To, yau fa? Yawancin bukukuwan ba da lambar yabo a manyan birane a ke yinsu, cikin manyan ɗakunan taro, galibi kuwa masu hali da masu riƙe da muƙami ke karɓa. Ba mu ce duk ba su cancanta ba. Attajirin da ya gina wa garinsu aji biyu ya yi abin kirki, a gode masa. Amma shi ya ba da kaɗan daga cikin mai yawa, ga shi an yanka masa kyalle an ɗauki hotonsa, su kuwa waɗanda suka yi wata guda suna ɗebo ruwa da yashi a ka don ginin nan, ko sunansu ba a ambata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron da ya tashi yana ganin haka, me zai koya? Zai koyi cewa wahala don jama'a aikin wawa ce. Ran da tsohon nan mai yasar rijiya ya kasa, sai a nemi magajinsa a rasa.

Kada wani ya ɗauka aikin irin waɗannan mutane ƙaramin abu ne. Bari mu tuna wa masu karatu labarin kurkunu. Dattawa sun san ta sarai. Mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi, bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda fata ta fito, galibi a ƙafa, tsawonta ya kan kai mita guda. Sai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, mutum ya yi makonni a kwance, sau da yawa kuwa daidai lokacin aikin gona. Da aka yi ƙidaya a Nijeriya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 650,000 da ciwon, a ƙauyuka fiye da 5,000. Ciwon nan ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Babban maganinsa shi ne a tace ruwan sha da kyalle, a hana mai ciwon tsoma ƙafa a inda a ke ɗiban ruwa, a kuma kai rahoto da wuri. Wa zai yi wannan a ƙauyuka dubbai, kowace rana ta Allah? Likita ba zai iya ba. Sai aka zaɓi 'yan sa kai a kowane ƙauye, aka koya musu, suka riƙa bi gida gida suna raba matata, suna wanke miki, suna rubuta adadin masu ciwo, waɗansu ma suna gadin bakin tafki. A 2008 aka ga mai ciwon na ƙarshe a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da kurkunu.

Duniya ta san sunan Jimmy Carter, tsohon Shugaban Amurka, wanda cibiyarsa ta tsaya kan wannan yaƙi, ta kuma san Janar Yakubu Gowon, wanda ya yi ta zaga ƙauyuka yana jan hankalin shugabanni. Sun cancanci yabo, ba shakka. Amma muna tambayar malaman makaranta: a garin da ku ke koyarwa, in yana cikin garuruwan da suka sha wannan azaba, akwai ɗalibi ɗaya da ya san sunan wanda ya riƙa raba kyallen tace ruwa a unguwarsu? Mai yiwuwa ne mutumin nan yana nan da ransa, yana wucewa ta ƙofar makarantar kullum, yaran da ya tsare wa ƙafafu ba su san abin da ya yi musu ba.

Ga wani misali kuma. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari kan ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a gidansa da cikin masallacinsa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, alhali yana dattijo mai shekara fiye da 80. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, Gwamnatin Nijeriya kuma ta ba shi lambar girma ta ƙasa a 2022. Madalla da wannan. Amma mu lura, shi abin da ya yi ya girma har duniya ta ji. Dokar ba da lambobin girma ta ƙasa tana nan tun 1964, sai dai ƙasa mai ƙananan hukumomi 774 da ƙauyuka barkatai, yaushe idon Abuja zai kai kan kowace ungozoma da kowane mai sasanta ma'aurata? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, shi kuma ya san wanda ya hau ya toshe.

Mun san akwai masu cewa ai wanda ya yi don Allah, ladansa yana wurin Allah, yabo ma sai ya ɓata masa niyya. Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma niyya tsakanin mutum ce da Ubangijinsa, godiya kuwa bashi ce a kan waɗanda aka yi wa alheri. Don shi bai nema ba, wannan bai sauke mana namu nauyin ba. Wanda ya ce shi ba ya son a ambace shi a bainar jama'a, a girmama ra'ayinsa, dattawa su same shi har gida su yi masa godiya. Waɗansu kuma suna tsoron abin zai jawo hassada da rigima, a ce don me aka zaɓi wane aka bar wane. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma lalle haka zai faru in aka bar son kai da siyasa suka shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganinsa shi ne a tsara abin bisa ƙa'ida tun farko.

Nan ne aikin ya zo kanku, ku akawunan hukuma da malaman makaranta, domin alƙalami a hannunku ya ke. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin haraji ya san sunan kowane magidanci a gundumarsa, malamin jangali ya san adadin shanun kowane ruga. In har alƙalami ya iya bin mutum har ƙauyensa don a karɓi abin hannunsa, ai ba zai gagara binsa don a rubuta alherinsa ba. Ga abin da mu ke ba da shawara.

Na farko, kowane gari ya sami littafi guda, a ajiye shi wurin hedimasta ko magatakardan dagaci. Duk aikin da aka yi wa jama'a ba da biya ba, a rubuta ranar, da irin aikin, da sunayen waɗanda suka yi shi duka, ba shugabansu kaɗai ba. Abin da aka rubuta da damina ba ya jawo gardama da kaka.

Na biyu, masu zaɓe su fito daga kowane ɓangare na gari: dattawa, da malaman addini, da matasa, da mata. Mun nanata mata, domin rabin aikin nan a cikin gidaje a ke yinsa, inda idon maza ba ya kaiwa. Matar da ta riƙe marayun maƙwabciyarta shekara goma, mata ne suka san ta. Kuma a kafa sharaɗi: mai riƙe da muƙami, da mai neman kujera, da wanda ya ba da kuɗin bikin, ba su cikin waɗanda za a zaɓa a wannan shekara.

Na uku, a sa rana guda a shekara. Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 5 ga Disamba don masu aikin sa kai, ga shi kuwa ta faɗo daidai bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da manomi ya ke da sukuni. Garin da ya ga ranar kasuwa ko bayan salla ta fi masa, ya zaɓi wannan. A taru a ƙofar fada ko filin makaranta, a kira mutum da sunansa, a faɗi abin da ya yi dalla-dalla, hakimi ko dagaci ya miƙa masa hannu. Ba sai an yanka sa ba. Takardar shaida da riga, ko turmin zane, sun isa. Yaba kyauta tukwici.

Na huɗu, a sa sunan ya daɗe. Rijiya, ko aji, ko layin unguwa, ko itacen da aka dasa a filin makaranta, a kira shi da sunan wanda ya yi wa gari hidima. Malami ya tura 'yan aji shida su zauna gaban tsohon su ji labarinsa, su rubuta da hannunsu, a karanta a gaban sauran yara. Wannan darasin rubutu ne, darasin tarihi ne, kuma darasin tarbiyya ne, ba a kashe ko kwabo ba.

Sai dai muna da gargaɗi guda ga ƙananan hukumomi. Kada takardar yabo ta zama mayafin da za a rufe gazawa da shi. Mai cike ramin hanya da kwando ya nuna inda ya kamata a sa kwalbati, in an gode masa sai a zo a sa. Mai shiga rijiya yana bukatar igiya mai ƙarfi, masu gyaran maƙabarta suna bukatar diga da baro, masu sintirin dare suna bukatar fitila. In ɗayansu ya ji rauni a bakin aikin jama'a, bai kamata a bar iyalinsa su kaɗai da kuɗin magani ba. Godiyar da ba ta tashi ran da mutum ya kwanta ciwo, godiyar baka ce.

Mun saba, in irin waɗannan mutane suka rasu, a wurin zaman makoki a ke jin kowa yana cewa, kai, an yi rashi, wane ya yi wa garin nan aiki. Gaskiya ne, amma shi bai ji ba. Saboda haka muna roƙon kowane malami da kowane akawu da ya karanta wannan, kafin mako ya zagayo ya ɗauki takarda ya rubuta sunan mutum uku a garin da ya ke aiki, waɗanda in babu su garin zai ji a jikinsa, sa'an nan ya kai wa dagaci ko hakimi. Daga nan a ke farawa. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Allah ya saka wa masu yi wa jama'a hidima da alheri, ya ba mu ikon gane su tun suna tare da mu, amin.