Ajiyar Wake Ba Da Magani Ba

Kin san halin ƙwaro da wake: kafin bazara ya huje shi sarai. Wasu su barbaɗa maganin ƙwari, su sa iyali cikin hatsari. Kada ki yarda.

Masanan aikin gona na Jami'ar Purdue ta Amurka, da na Marwa a Kamaru, sun gwada wata dabara, aka soma baza ta a ƙasashenmu a 2007. Buhu ne riɓi uku, watau leda biyu masu kauri cikin buhun saƙa. Ki shanya waken ya bushe ƙayau, ki zuba, ki matse iska, ki ɗaure kowane baki dabam. In iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Amma fa a tsare buhun daga ɓera, gama huda ɗaya ta isa ɓata aikin.