Tsila A Cikin Kifi: Wa Ya Sa Ta?

Jama'a, akwai wani kifi a ƙasashen Turai, irin su Sukotlan da Norwe, wanda Turawa ke kira tirawut na teku. A kogi a ke ƙyanƙyashe shi, in ya shekara 2 ko 3 ya gangara teku ya yi ƙiba, sa'an nan ya komo kogin nan ya zuba ƙwai. Sau da yawa in masunta suka farke shi sai su tarar da tsila fara, nannaɗe cikin hanjinsa, tana raba abinci da shi. Wannan dai ba ta kama mutum, kifin kaɗai ta ke cuta.

Amma tana da 'yar'uwa a kifayen tabkunan can, wadda kan zauna cikin mutum har ta kai ƙafa 30, ta rage masa jini. A Finland, wajen 1950, kusan mutum 1 cikin 5 na ɗauke da ita, don suna cin kifi ɗanye da ɗan gishiri.

To, yaya ta ke shiga kifi? Ƙwanta na fita cikin bayan gidan mutum ko na kare, ruwa ya kwashe shi. Wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa ya haɗiye tsutsar, kifi ya haɗiye ƙwaron, mutum ya ci kifin. Ƙwaron nan kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Danginsa ne suka riƙa kai mana kurkunu daga kududdufi, ya kwantar da manomi tsakiyar damina, kafin a tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar a 2013.

Wani zai ce ina ruwanmu da kifin Turawa, mu da ba mu cin ɗanye? Gaskiya ne, wuta na kashe tsutsar. Amma ni ban ga bambancinta da tsilarmu ta naman shanu ba: mutum ya tsuguna a makiyaya, saniya ta ci ciyawar, a sayar mana da tsire bai gasu ba, mu ce laifin mahauci ne!

Saboda haka, mai tafkin kifi, ka haƙa masai nesa da ruwanka. Mai sayarwa, kayan cikin kifi a binne su, kada a jefa wa kare ko a mai da su ruwa. Mai banda kuma ya bari wuta ta ratsa har ƙashi.