Mata matuƙan jiragen yaƙi: Ƙofar da yaƙi ke buɗewa, zaman lafiya ya rufe

A ranar 8 ga watan Oktoban 1941, lokacin da dakarun Jamus ke dosar birnin Mosko, shugaban Tarayyar Soviet Joseph Stalin ya sa hannu kan umarnin kafa rundunoni uku na mayaƙan sama waɗanda mata za su cika su.

Wannan ne karon farko da wata ƙasa ta tura mata fagen daga ta sama a matsayin runduna sukutum. Kuma tun daga wancan lokaci tarihin mata matuƙan jiragen yaƙi ya riƙa maimaita kansa: ƙasashe kan tuna da su idan tura ta kai bango, su manta da su da zarar ƙura ta lafa.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu

Macen da aka fi amincewa da cewa ita ce ta farko a wannan fage ita ce Sabiha Gokcen ta ƙasar Turkiyya, wadda Mustafa Kemal Ataturk ya ɗauka riƙo tun tana yarinya.

Ta samu horo a makarantar sojin sama da ke Eskisehir, sa'annan a shekarar 1937 ta shiga hare-haren da gwamnati ta kai yankin Dersim, inda ake murƙushe boren Kurdawa.

A yau ɗaya daga cikin manyan filayen jiragen sama na birnin Santambul yana ɗauke da sunanta. To sai dai al'ummar Dersim da wani abu daban suke tunawa da ita, domin dubban fararen hula ne suka hallaka a farmakin na 1937 da 1938. A shekarar 2011 Recep Tayyip Erdogan, wanda a lokacin shi ne firayim minista, ya nemi gafara a madadin ƙasar kan wannan kisa.

Ke nan tun daga matuƙiya ta farko, ta bayyana cewa shigar mata wannan aiki ba ta sauya abin da bam ke yi wa waɗanda ya faɗa wa ba.

'Mayun dare'

Matar da ta shawo kan Stalin ita ce Marina Raskova, wadda ta yi suna a 1938 bayan da ita da wasu mata biyu suka yi wata doguwar tafiya a jirgi daga Mosko zuwa ƙuryar gabashin ƙasar.

Abubuwa biyu ne suka taimaka mata. Na farko, Tarayyar Soviet ta yi asarar jirage sama da 1,000 a ranar farko kaɗai ta mamayar da Jamus ta ƙaddamar a watan Yunin 1941, kuma matuƙa sun ci gaba da mutuwa. Na biyu, akwai 'yan mata masu yawa da suka riga suka koyi tuƙi a ƙungiyoyin koyon tuƙin jirgi da gwamnati ta bubbuɗe a shekarun 1930.

An horar da su a garin Engels da ke gaɓar kogin Volga, aka raba su gida uku: runduna ta 586 mai kakkaɓo jiragen abokan gaba, ta 587 mai jefa bama-bamai da rana, sai ta 588 mai kai hari da dare.

Ta ukun ce ta fi shahara. Jiragen da aka ba su, ƙirar Po-2, na koyon tuƙi ne da aka ƙera da katako da yadi, kuma gudunsu bai wuce kilomita 150 a cikin sa'a guda ba. Bama-bamai kaɗan suke iya ɗauka, saboda haka tilas matuƙiya ta je ta dawo sau da dama a dare guda. Sai a 1944 aka fara ba su lemar dirowa daga jirgi.

Dabararsu ita ce su rage ƙarfin inji idan sun kusa inda za su kai hari, jirgin ya sulale shiru, ta yadda ba a jin komai sai kukan iska kafin bam ya fashe. Sojojin Jamus suka laƙaba musu suna “mayun dare”.

Rundunar, a ƙarƙashin jagorancin Yevdokiya Bershanskaya, ta kai hare-hare fiye da 23,000 kafin ƙarshen yaƙin. Ta rasa mata 32, kuma sama da 20 daga cikin matanta sun samu lambar yabo mafi girma ta ƙasar.

Akwai kuma irin su Lydia Litvyak, wadda ta yi yaƙi a sararin samaniyar Stalingrad tare da maza, ta harbo jiragen Jamus da dama kafin a harbo nata a watan Agustan 1943, tana da shekara 21.

Amma duk da wannan bajinta, a watan Oktoban 1945 aka rusa rundunar ta dare, aka sallami akasarin matan. Ƙasar da ta yi asarar mutane sama da miliyan 20 ta fi buƙatar su koma gida da masana'antu.

Amurka da Birtaniya

Ƙawayen Soviet na yammaci ba su yarda mata su shiga faɗa ba. Aikin da suka ba su shi ne kai sababbin jirage daga masana'anta zuwa sansanoni, domin maza su samu sukunin tafiya fagen daga.

A Amurka mata sama da 1,000 ne suka yi wannan aiki, 38 daga cikinsu suka mutu. Da yake a matsayin farar hula aka ɗauke su, ba a yi musu jana'izar soja ba. An rufe shirin a watan Disamban 1944, kuma sai a 1977 aka amince cewa tsofaffin sojoji ne.

A 1948 ma majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar da ta haramta sa mata a jiragen da ke aikin yaƙi.

Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ne ya tona asirin raunin wannan doka. Mata sun tuƙa jirage masu saukar ungulu ɗauke da kaya da dakaru har cikin Iraƙi, wato suna fuskantar harbi ba tare da an ba su damar mayar da martani ba. Ɗaya daga cikinsu, Manjo Marie Rossi, ta mutu a hatsarin jirgi a ranar 1 ga watan Maris na shekarar.

Majalisa ta soke dokar a 1991, sa'annan a watan Afrilun 1993 sakataren tsaro Les Aspin ya buɗe wa mata jiragen yaƙi. Bayan shekara goma, a watan Afrilun 2003, Kyaftin Kim Campbell ta dawo da jirginta ƙirar A-10 sansani lafiya, bayan an yi masa ruwan harsasai a sararin Bagadaza.

Bambancin wannan karo da na 1945 shi ne cewa doka aka sauya. Shi ya sa da yaƙi ya ƙare, ba a iya cewa matan su koma gida ba.

A ƙasashen Musulmi

A 2006 Pakistan ta yaye rukunin farko na mata huɗu matuƙan jiragen yaƙi, kuma a 2013 Ayesha Farooq ta zama ta farko da ta ci jarrabawar shiga fagen daga. Ana yawan ganin hotunanta da lulluɓi a ƙarƙashin hular kwano.

A watan Satumban 2014, Manjo Mariam al-Mansouri ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta tuƙa jirgi ƙirar F-16 a hare-haren da aka kai wa ƙungiyar IS a Siriya. Gwamnatin ƙasar ta yayata labarin sosai, abin da ya nuna cewa baya ga aikin soja, ƙasashe kan yi amfani da irin waɗannan mata wajen gyara sunansu a idon duniya.

Afghanistan kuwa ta nuna yadda ƙofar ke saurin rufewa. Niloofar Rahmani, wadda ta kammala horon tuƙin jirgin soja a 2013, ta sha barazanar kisa har ta nemi mafaka a Amurka. Da Taliban ta koma kan mulki a 2021, aikin soja ya gagari mata baki ɗaya.

Ina aka kwana a Najeriya?

A Najeriya ma buƙata ce ta yi jagora. Blessing Liman daga jihar Kaduna ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a 2011, daidai lokacin da rikicin Boko Haram ke ƙamari. A Jamhuriyar Nijar, Ouma Laouali ce ta kafa irin wannan tarihi a 2015.

A watan Oktoban 2019 rundunar sojin saman Najeriya ta yaye Kafayat Sanni a matsayin mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, tare da Tolulope Arotile, ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu.

Arotile ta shiga farmakin da aka kai wa 'yan bindiga a jihar Neja. Ta rasu a watan Yulin 2020 tana da shekara 24, sakamakon buge ta da wata mota ta yi a sansanin sojin sama da ke Kaduna.

Masu adawa da tura mata fagen daga kan kawo dalilai na addini da al'ada, da fargabar abin da zai same su idan suka faɗa hannun abokan gaba, da kuma batun haihuwa da renon yara, ganin irin maƙudan kuɗin da ake kashewa wajen horar da matuƙi guda.

Masu goyon baya kuwa na cewa tuƙin jirgin zamani ya fi dogara da ilimi da natsuwa da juriya a kan ƙarfin damtse, kuma ƙasar da ke yaƙi a arewa maso gabas da arewa maso yamma a lokaci guda ba ta da dalilin yin watsi da rabin al'ummarta.

Tarihi ya riga ya amsa tambayar ko mata za su iya tun a 1942. Abin da bai tabbatar ba shi ne ɗorewar damar. Inda aka dogara da larurar yaƙi ko ra'ayin shugaba guda, damar kan tafi da tafiyarsu. Inda aka shigar da ita cikin doka da tsarin ɗaukar aiki da ƙarin girma, takan zauna.

Saboda haka abin jira a gani a Najeriya da Nijar shi ne ko waɗannan mata na farko za su kai ga jagorancin rundunoni, da kuma ko za a ci gaba da ɗaukar 'yan baya idan Allah ya kawo ƙarshen tashe-tashen hankulan.