Shekara Uku Ana Karatu, Rana Ɗaya Ake Awo



Kwanakin baya ƙanwata da ke aji shida na sakandare ta kawo mini littafinta in duba mata insha'i. Ina buɗewa na tarar da wasiƙu biyar da labarai uku, duk malaminsu ne ya rubuta a allo, suka kwafa, aka ce su haddace. Na ce mata, to idan tambayar da ta fito ba ta yi kama da ko ɗaya ba fa? Sai ta ce, "Yaya, ai sai in lanƙwasa ɗaya ya shiga." Na yi dariya, amma dariyar yaƙe ce, domin ni ma haka na yi a zamanina.

Duk wanda ya bi ta aji huɗu zuwa shida ya san yadda abin yake. A aji huɗu ana ɗan taɓa karatu. Da an shiga aji biyar, a jiha kamar Kano, hankali ya koma kan jarrabawar kwalifayin, wadda da ita ake zaɓar waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO. Aji shida kuwa babu zance sai tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB. Burin kowa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ko da C6 ce aka jera.

Mu duba yadda ake auna rubutu, tunda shi ne sana'armu. A takardar Turanci ta WAEC ana neman insha'i mai kalmomi kusan 450, maki 50. Goma daga ciki na ƙa'idojin rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Ban ga laifin mai maki ba, mutum ne da aka jibge wa ɗaruruwan takardu, dole a ba shi mudun awo ɗaya. Amma yaro ya gane lissafin. Ya san in ya gwada sabuwar kalma ko doguwar jimla zai iya faɗuwa, in ya zuba haddarsa ya tsira. Sai ya fita makaranta ya ƙware a gudun kuskure, bai taɓa koyon faɗin abin da ke ransa ba.

Abin haushi, tsarin kansa ya tanadi magani. Makarantu suna tura wa hukumomin jarrabawa makin aikin aji na shekaru ukun nan. Sai dai na taɓa gani da idona a wata makaranta, an zauna a ofis da yamma ɗaya an cike makin shekara uku, kowa aka yafa masa abin da zai rufa masa asiri. Malamin da ke da ɗalibai sama da ɗari a aji, yaushe ma ya karanta rubutun kowa?

A ganina a mayar da wannan makin na gaske. Kowane zango ɗalibi ya yi rubutu ɗaya nasa na kansa, da Hausa ko Turanci, malami ya gyara, ya sake rubutawa, a ajiye a fayil. Kafin ya gama yana da tara. Za a ce ai son kai zai shigo, ko a sayar da maki. Gaskiya ne. Amma malamai daga wata makaranta za su iya zuwa su duba fayil ɗin, kuma ƙirƙirar rubutu tara da hannu ɗaya ya fi wuya a kan miƙa satar amsa ta taga.

Ina ganin tabon wannan a labaran da muke turowa nan, har da nawa. Saurayi yana zance da budurwa kamar mai rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar koke.

Ita dai ƙanwata na ce ta rubuto mini shafi ɗaya a kan mai awarar bakin makarantarsu. Kwana biyu tana cewa ba ta san ta inda za ta fara ba. A rana ta uku ta kawo shafi biyu cike da kurakurai, har da yadda matar take ɓoye wa marayu gutsattsarin ƙarshe a ƙarƙashin faranti.