Waiwaye: Rumfunan Katakon Sin da Hannun da Ya Iya Gina Su

A watan Yunin 1923 gobara ta tashi cikin dare a lambun Jianfu, wani sashe na tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing. Kafin gari ya waye rumfuna da sorayen da Sarki Qianlong ya gina a shekarun 1740 sun zama toka. Puyi, sarkin ƙarshe, ya zargi babannin fada da cinna wutar don su ɓoye satar da suka tafka, ya kori mafi yawansu, daga baya ya sa aka share wurin aka yi filin wasan tanis. Haka kangon ya zauna fiye da shekara 70.

Da aka tashi sake gina shi, aikin da aka fara a 2000 aka gama a 2005 da kuɗin gidauniyar China Heritage Fund ta Hong Kong, sai aka ɗauki hanya mai wahala. Aka bi duwatsun ginshiƙan da wuta ba ta ci ba, aka duba tsofaffin hotuna da takardun fada, aka nemo dattawan masassaƙa da masu fenti da masu jera rufin yumɓu, aka ce a yi yadda magabata suka yi. Ni a ganina wannan shi ne daidai. Amma da ba don aikin da wasu suka yi tun a shekarun 1930 ba, da ko an so ba za a iya ba.

Ginin katako na Sin ba a kan bango yake tsaye ba. Ginshiƙai ne a kan duwatsu, an sassaƙa wa kowane katako baki da rami, wannan ya shiga wancan ya kama, ba sai an nemi ƙusa ba. Tsakanin kan ginshiƙi da rufi akwai ƙananan katakai da aka ɗora hawa-hawa, ana kiransu dougong, su ke karɓar nauyin rufi su sauke shi a hankali. Idan ƙasa ta girgiza, mahaɗan suna motsi kaɗan su koma mazauninsu. Shi ya sa Sinawa ke cewa bango kan faɗi amma gida na nan tsaye.

An rubuta ƙa'idojin wannan sana'a tun 1103, a littafin Yingzao Fashi na Li Jie, wani jami'in gine-gine na daular Song. A 1919 Zhu Qiqian ya ci karo da kwafinsa a wani ɗakin karatu a Nanjing, ya sa aka sake buga shi. A 1925 littafin ya isa hannun Liang Sicheng, wanda mahaifinsa ya aika masa yana karatun zanen gine-gine a Jami'ar Pennsylvania a Amurka. Ga ɗan babban malami, ga boko, ga harshen uwa, amma ya buɗe littafin ya kasa gane abin da ake nufi. Sunayen sassan gini sun canja, ma'aunan sun ɓace, kuma malamai masu alƙalami sun daɗe suna ganin sassaƙa aikin talakawa ne da bai kai a karanta shi ba.

Abin da Liang ya yi bayan ya koma gida shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin. Ya ajiye girman karatu ya je ya durƙusa gaban tsofaffin kafintocin da suka yi wa fada aiki. Su nuna masa katako su faɗi sunansa, shi kuma ya rubuta ya zana. Daga nan shi da matarsa Lin Huiyin da abokan aikinsu suka shiga ƙauyuka, a kan alfadarai da ƙafa, suna hawa cikin rufi da jemagu da ƙura suna aune-aune. A 1937 suka isa haikalin Foguang a tsaunin Wutai, inda Lin ta hango rubutun tawada a jikin wani katakon rufi, rubutun da ya taimaka aka tabbatar cewa an yi ginin a 857. Kafin wannan lokaci wasu masanan Japan suna cewa babu sauran ginin katako na zamanin daular Tang, wato zamanin da aka gina wannan haikali, a Sin.

Ba kowane gini ya yi irin sa'ar Jianfu ba. Hasumiyar Huanghe ta Wuhan, wadda ta ƙone a 1884, an sake ta a 1985 da rodi da kankare. Haka rumfar Tengwang ta Nanchang a 1989. Daga nesa suna da kyau, masu yawon buɗe ido kuma suna tururuwa, amma babu yaron da ya koyi sassaƙa mahaɗi ɗaya a wurin gina su. A Jianfu kuwa matasa sun tsaya kusa da dattawa shekara da shekaru, sun ga yadda ake naɗe ginshiƙi da zaren rama da man icen tung da garin tubali kafin a shafa fenti. Wanda ya gani da idonsa ya kuma sa hannu, shi zai iya gyara na gaba. A 2009 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam.

Akwai kuma gyaran da gara a ce ba a yi ba. Hasumiyar katako ta Yingxian a lardin Shanxi, wadda aka gina a 1056, tsayinta mita 67, ta sha girgizar ƙasa da harsasan igwa tana tsaye. A shekarun 1930 masu faɗa a ji na garin suka ga bangayen laka na benayenta sun rage mata kyau, suka sa aka rushe su aka sa tagogi. Ba su san cewa a cikin lakar akwai katakai a karkace da ke tokare ginin ba. Niyya mai kyau ce, amma ba su tambayi wanda ya sani ba, kuma Liang ya yi baƙin cikin wannan aiki matuƙa. Yau hawa na biyu ya karkace, an hana baƙi hawa sama, masana kuma sun shafe shekaru gommai ba su daidaita kan yadda za a miƙar da ita ba.